Kalmar da Mahfuz Ya Zaɓa

A cikin keken da ya taso daga Yalwa Mahfuz ya fara ganin Zubaida. Tana riƙe da takardar gwajin Turanci tana ƙunƙuni. Shi kuwa Turancin ya karanta a jami'a, don haka ya kasa kame bakinsa, ya leƙa ya gyara mata amsa.

"Malam, wa ya tambaye ka?" ta ce tana hararsa.

"Babu kowa. Kuskuren ne yake yi mini ciwo."

Ta yi dariya, dariyar kuwa ta bi shi har gida. Ba a jima ba ya san hanyar gidansu a Ƙofar Dumi, ita kuma ta raɗa masa suna Ƙamus.

Mahaifiyarta, Hajiya Bilkisu, wadda take aikin nas a ɗakin haihuwa, ita ce ta ƙi shi. Ta ce ba za ta ba da 'yarta ga mutumin da ke zama a zaure yana kallon ƙasa kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa ba. Usama ɗan yayanta, mai shagon waya, ya fi shi fara'a. Mahfuz ya daɗe yana juya maganar a ransa, har ya yanke shawarar tura kawunsa ya roƙe ta. Sai ya rubuta wa Zubaida saƙo, yana auna kowace kalma:

"Zuby tawa, wata tara ke nan muna haƙuri. Lokaci ya yi da za a yi inducing kafin mutane su fara magana. Kawuna zai yi aikin, hannunsa yana da sa'a."

Wayar tana caji a falo, Hajiya ce ta fara karantawa.

Da la'asar aka kira shi. Ya tarar da Zubaida idanunta sun kumbura, Hajiya tana tsaye tana huci.

"Wa za a sa wa ruwan naƙuda a gidana?"

Sai a lokacin ya gane. A wurin aikinta, kalmar induce ba ta da wata ma'ana sai tayar da naƙuda.

"Mama, wannan ma'ana ta biyu ce, wato jawo abu ya faru. Ta farko kuwa ita ce a bi mutum da hujja har ya yarda da abin da ya ƙi."

"To wa za a bi da hujjar?"

"Ke, Mama."

"Ni? Ni za a yi wa inducing?"

"Haba Ƙamus!" Zubaida ta ce cikin takaici. "Duk Hausar duniya, me ya hana ka ce lallashi?"

"Lallashi na yara ne, bai dace da…"

"Wallahi ka ƙara kalma ɗaya, ni da kaina zan kira Usama! Tun azahar Mama take danna mini ciki kamar mai zaɓen kankana."

Wannan maganar ce ta soke shi. Ya dubi fuskarta, ya ga abin da son burgewarsa ya jawo mata a gaban mahaifiyarta. Ya ɗaga kai ya dubi Hajiya, abin da bai taɓa yi ba.

"Mama, idan kin hana ni ita, zan haƙura. Amma don Allah kada zargin nan ya fita daga ɗakin nan. Zubaida ba ta taɓa barina na wuce zaure ba. Laifin nawa ne ni kaɗai."

Hajiya ta ƙare masa kallo. Can ta zauna, ta ja dogon tsaki.

"Ashe kana da baki. Ka ce wa kawun naka ya zo wurin Alhaji, babanta. Da Hausa."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Da za a tafi da amarya, Hajiya ta sa aka kira ango har cikin gida, ta kama hannun 'yarta.

"Na ba ka ita da mutuncinta, ka riƙe ta da shi. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku zuriya ta gari."

"Amin, Mama," in ji Mahfuz. Daga ƙarƙashin mayafi, Zubaida ma ta amsa.