Dilkar Gwaggo Altine

"Wace ce waccan da na gani gaban motarka ran Talata?"

Sahabi ya yi dariya, dariyar nan tasa mai ƙona min rai. "Haba Taibatu! Jidda ce hwa, ɗiyar kawuna ta Bakura. Kasuwa ta zo, na rage mata hanya."

"Shi ya sa kake kallon huskatta awa ba ka taɓa ganin mace ba?"

"Wallahi kishinki ya hi ƙarhina..."

Na juya na shige gida na bar shi tsaye a zaure. Bikinmu ya matso, amma ni ba bikin nake tunani ba. Fuskar Jidda nake gani, sumul, ko ɗigo babu. Tawa kuwa ƙuraje sun bar min tabo baƙi-baƙi a kumatu tun ina sakandare. Sahabi bai taɓa magana a kai ba, shirun nasa ma haushi yake ba ni.

Da sunan sayayyar kayan ɗaki na tafi Sakkwato, na zarce wani wurin gyaran fata da ƙawata ta kwatanta min. Na'urar leza suka haska min, zafi kamar ana ɗiga min man gyaɗa daga kasko. Na cije. Matar ta ja min kunne: "Ban da rana, ban da tururi, ban da gurza, sai fatar ta huce."

Ina dawowa Mafara na tarar da Gwaggo Altine ta iso daga Maradun da ƙullin dilka da kaskon turare. Ita ta raine ni bayan rasuwar Innata, kuma babu amaryar da ta taɓa fita daga danginmu ba ta bi ta hannunta ba.

"Gwaggo, a bari sai wani sati mana..."

"Ke tahi can! Mutanen Sahabi mahauta ne, sun san nama mai kyau. In kai musu ɗiyata ba gyara?"

Ta yaya zan ce mata kishi ya kai ni an gasa min fuska? Ta murza min dilka da ƙarfinta na tsohuwar da ta saba daka, sannan ta lulluɓe ni da bargo, ta tura kaskon garwashi ƙarƙashina.

Na daure har na kasa. Na fasa ihu!

Da ta yaye bargon, salati ta saka. Kumatuna sun tashi sun yi ruwa. "Na kashe ki, ɗiyata! Mi na sa cikin dilkar nan?" Ganin hawayenta ya fi ƙunar ciwo, dole na faɗi gaskiya.

A asibiti likita ya ce zafi ne ya hau kan zafi. Ciwon zai warke, amma baƙin da zai bari sai a hankali, wataƙila ma ba duka zai tafi ba.

Na ƙi ɗaga wayar Sahabi. Da kansa ya zo da hantsi, ya gaida Gwaggo doguwar gaisuwa, ta kwashe komai ta faɗa masa, ya ce ba ya tafiya sai ya gan ni. Na fito lulluɓe.

"Buɗe in gani, masoyiyata."

"Ka tahi ka auri Jidda. Na yahe maka."

"Ni ban yahe miki ba. Buɗe!"

Na yaye mayafin ina kuka. Ya daɗe yana kallona, na ga idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Don ni kinka yi wannan?" ya ce. "Taibatu, da kin tambaye ni..."

"A ɗaga bikin," na ce.

"Ko da yini guda ba a ɗagawa."

Ranar kai amarya Gwaggo ta ɗauko hoda za ta rufe min tabon, sai ta tsayar da hannunta don tsoron taɓa ni. Na riƙe hannun na sumbata.

"Bar shi, Gwaggo. Ya gani, kuma ya aiko da mota."