Na'urar Wuyan Rufaida

Almuru ya sauka a Mayahi. Matan da ke matsar man gyaɗa a gidan Zuhura suna wanke turame, sai dutse ya faɗo bisa kwanon rumfa. Wani dutsen ya biyo. Aka leƙa bayan katanga, ba kowa.

Zuhura, tun rasuwar mijinta, ba wanda ya taɓa cin ta a ciniki. Lokacin kaka, Maman Sani, ma'aikacin furoje mai tallafa wa masu sana'a, ya rataya wa kowace ma'aikaciya 'yar na'ura a wuya, kamar laya. Murya take ji, ta nuna a salular uwar gida wa ke hira, wa aka ware.

"Don ki gane mai damuwa, ki jawo ta jiki," in ji shi.

Zuhura ba ta da karatu, amma ta san kore alamar mai hira, ta san ja alamar wadda aka ware. Ɗiyarta Rufaida ta taɓa faɗa wa mai saye, gaban jama'a, cewa man gauraye ne. Sai uwar ta kafa doka: duk wadda salula ta nuna ta tanka wa Rufaida, ta kama hanya. Kwana arba'in ba wadda ta ce wa yarinyar sannu.

A wannan almurun, alamar Rufaida ta koma kore. Zuhura ta zaga bayan rumbu da fushi. Yarinyar na zaune ita kaɗai, tana gyaɗa kai, tana murmushi wa bango.

Kwana uku ana jifa. Aka kira Malam Ƙadri bayan la'asar. Ya yi karatu a kan yarinyar har gumi ya jiƙa masa riga, sannan muryar tsoho ta fito daga bakin Rufaida.

"Wa ya aiko ka?" in ji malam.

"Ba kowa. Na tarar da gida cike da mutane, ita kuwa ba mai gaishe ta. Na gaishe ta."

"Mi kake so ka fita?"

"Uwarta ta kira sunanta gaban matan nan, ta ce sannu."

Malam ya dubi Zuhura. "Baiwar Allah, kalma guda ce."

Zuhura ta gyara ɗaurin zane. "Ni? Ɗiyar da na haifa? Shi karɓi turare."

"Ba na so."

"Baƙar akuya."

"Zuhura!" in ji malam.

"Bar ni, malam, bai ƙi tayi ba. Kai tsoho, faɗi na ƙarshe."

Tsohon ya yi dariya. "To, ba ni abin da ba ki amfani da shi. Muryarta."

"Ba akuya?"

"Babu."

"Na sallama."

Malam ya ɗaga hannu zai hana, Rufaida ta riga ta yi atishawa ta faɗi. Da ta farfaɗo ta kama ƙafar uwarta, ta buɗe baki za ta ce Inna. Iska kawai ta fito.

Malam Ƙadri ya ɗauki takalmansa bai yi sallama ba. Zuhura ta zare ƙafarta, ta dubi matan da suka sandare.

"Mi kuke kallo? Gyaɗa na ƙonewa."