Mayar da Golmo

Ranar da Leah ta dawo Dabai da digirinta na biyu, Baba Philemon bai bari ta ko sha ruwa ba sai da ya kafa ƙusa a bangon falo. Hoton da ta ɗauka da doguwar riga da hula mai tuntu ya karɓa ya rataye da hannunsa, ya ja da baya ya duba, ya dawo ya gyara. Mutum ne da bai gama firamare ba, amma ranar duk wanda ya leƙo gidan sai da kalmar mastas ta gundure shi. In aka tambaye shi mastas ɗin na mene ne, sai ya ce na ilimi ne, ya yi maza ya sauya zance. Ragowar sunan karatun, wato koyar da masu buƙata ta musamman, a ciki ma ɓangaren kurame, wannan bai taɓa fita daga bakinsa ba, don ya san saboda wa aka yi shi.

Saboda Japhet aka yi shi, kuma babu wanda bai sani ba.

Japhet ɗan Rikoto ne, tun Leah tana sakandare yake sonta. Baba Philemon dattijon ikilisiya ne, amma ya ce coci da nata, al'adar gida da nata: mai son ɗiyarsa sai ya yi golmo, wato ya riƙa zuwa da samarin tsararsa suna yi wa uban yarinya noma, damina bayan damina, kafin a ba shi. Samarin yanzu da yawa dabara suke yi su zille. Japhet kuwa ko musu bai yi ba. Ya yi huɗa, ya yi noman farko da maimai, ya yanke dawa, har tsohon ya kira shi ɗansa a gaban dangi ya ce ya ba shi. Daga nan ya shiga soja kamar yadda mahaifinsa ya yi, aka bar biki sai ya samu hutu.

Hutun da ya samu ba irin wanda aka yi fata ba ne. Motarsu ce ta taka nakiya a can arewa maso gabas. Ya dawo da ƙafafunsa da hannuwansa, bakinsa ma lafiya lau, amma jin kunnuwa biyun ya tafi. Muryarsa ta rasa ma'auni, wani lokaci ƙasa ƙasa, wani lokaci kamar yana faɗa da mutum. Da farko jama'a suka yi ta zuwa sannu suna daka masa ihu a kunne, da suka gaji sai suka koma ɗaga masa hannu daga nesa. Leah ce kaɗai ta zauna, tana rubuta masa magana a waya tana miƙa masa. To amma hirar masoya a rubuce wahala ce. Kafin ta gama rubuta abin dariya, dariyar ta huce.

Shi ya sa ta ɗauki hutun karatu daga makarantar firamaren da take koyarwa a Zuru, ta tafi Jos. Ta sha sanyi, ta sha yunwa, ta sha gyaran sufabaiza, malamin da ke duba aikinta, da jan biro. Da safe lacca, da rana tana makarantar kurame tana koyon maganar hannu wajen yaran da ke dariyar kuskurenta, da yamma kuma ta jingina waya da kofi ta kira Japhet a bidiyo ta koya masa abin da ta koyo. Ranar da ya fara tsokanarta da hannu, ya ce ta rame kamar karan dawa, kuka ta yi don murna.

Mahaifiyarsa ba ta yi murnar ba. Mama Japhet ba ta bar gidan addu'a ko dutsen da ake hawa da azumi ba, ta ɗiga masa mai a kunne har ya gaji. A ganinta maganar hannu shelar cewa Ubangiji ya kasa ce. Ran da ta leƙa ɗaki ta tarar da ɗanta, sojan gaske, yana wasa da yatsu gaban waya, sai ta karɓe wayar ta ce wa Leah ita tana roƙon a buɗe kunnen yaronta, Leah kuma tana can tana karatun yadda za a tabbatar masa da kurumta. Leah ta haɗiye, tana cewa a ranta bari dai ta gama, komai zai daidaita.

Haka take zato har yammacin ranar da aka rataye hoton. Baƙi sun watse, Mama, mahaifiyar Leah, tana tankaɗe a tsakar gida, Leah ta durƙusa gefen kujerar mahaifinta ta ce tun da karatu ya ƙare, ko za a sa ranar da aka daɗe ana ɗagawa.

Baba Philemon ya dubi hoton, ya ce:

"Leah, ɗiyata mai digiri biyu ba ta zama matar kurma. Mutumin da ɓarawo zai shiga mishi gida shina kwance bai ji ba? Ɗansa shi yi kuka bai ji ba? Ke ce mata, ke ce kunne, ke ce baki, har ki tsufa? Ban yarda ba."

"Baba, kai ka ba shi da bakinka. Ya yi maka golmo."

"Na sani. Ni ba macuci ba ne. Zan mayar mishi da abinshi."

Leah ta ɗauka zafin rai ne, don ba ta taɓa jin an mayar da golmo ba, Mama ma ba ta taɓa ji ba, tsofaffin unguwa ma da labari ya kai musu sai suka riƙe baki. Gumin da ya riga ya shige ƙasa ta ina za a ɗebo shi? Amma Baba Philemon in ya kafe ko jaki albarka. Ruwan shuka na sauka ya saɓa garma, ya tasa 'yan'uwan Leah maza a gaba, suka nufi gonar Mama Japhet a bayan Rikoto. Tsoho mai furfura ya sunkuya yana yi wa gidan saurayin 'yarsa huɗa, masu wucewa a babur suna tsayawa kallo. Mama Japhet kuwa, wadda aka zaci za ta kore su, kunu ta aika musu. Ita ma ta gaji da yarinyar da ke hana ɗanta warkewa. Karon farko ke nan tun dawowar Japhet da gidajen biyu suka yi baki ɗaya a kan wani abu, kuma abin shi ne raba yaransu.

Leah ta hau babur ta je Rikoto. Ta tarar da Japhet zaune a kan benci a bayan ɗaki. Ta tsaya gabansa ta ɗaga hannu za ta fara, sai ya juyar da fuskarsa bango. Ta zagaya, ya sake juyawa. Mai ji, ko ya ƙi kallonka, maganarka na shiga kunnensa ko yana so ko ba ya so. Kurma kuwa in ya kau da ido, ya rufe ƙofa ke nan. Ta taɓa kafaɗarsa, ya ce da murya mai ƙarfin da bai san yana da ita ba, ta je ta auri mai kunne, shi ba abin tausayi ba ne. Ta tsaya da hannuwanta a sake, duk abin da ta koyo a Jos bai amfane ta da komai ba.

Makonnin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Ta koma aji tana koyar da yara masu ji, kamar ba ta taɓa zuwa ko'ina ba. Abinci sai Mama ta tsare ta. Falon gidan ma ta daina shiga don kada ta ga yarinyar nan ta hoto tana murmushi. Ƙawarta Nkiruka, wadda ke tsaron kemis ɗin babanta a cikin gari, ta ce mata ita fa ba ta gane wannan wahala ba, su biyun ai ba yara ba ne, su tafi Birnin Kebbi a ɗaura musu a rajista, in tsofaffi sun huce sa nemo su. Leah ta ce ko da Japhet zai yarda, ita ba za ta shiga gidan miji ta bayan mahaifinta ba. Nkiruka ta ce to ai shi ke nan, sai ta zauna ta auri satifiket. Leah ba ta yi fushi ba, don ita ma abin da ta fara hangowa ke nan. Addu'a ma in ta durƙusa sai ta rasa abin roƙo, a canza zuciyar Baba ne, ko a cire mata Japhet daga tata.

Sai wata safiya ƙaninta ya dawo daga gona da gudu ya ce ga Japhet can a gonar Baba ta gindin dutse, shi kaɗai, yana huɗa. Babu samari, babu kiɗa, daga shi sai garma.

Baba Philemon ya je ya tsaya a bakin gona ya yi ta faɗa, da Hausa, da yaren gida, har muryarsa ta dushe. Japhet bai ɗago ba, don bai san ana yi ba. Washegari ma ya dawo, jibi ma haka. Aka tura masu yi masa nuni da hannu ya tafi, ya ƙi kallonsu. Taɓa shi kuwa babu mai gangancin yi, soja ne ko ba kunne. Gari ya ɗauka, ana cewa tsoho na mayar da golmo a Rikoto, yaro na sake zuba wani a Dabai, sai a ga wanda zai fara gajiya. Wannan dariyar ce ta fi ci wa Baba Philemon rai. Ya shigo gida ya kira Leah.

"Ba abin da kika tahi Jos kika koyo ba ke nan? To taso. Ki hwaɗa mishi na ce shi bar mini gona, kada shi sake dawowa, babu aure. Kuma ina tsaye ina kallonki."

Mama ta saki muciya ta ce wannan ai rashin imani ne, a sa yarinya ta yanka kanta da hannunta. Bai ko dube ta ba. Leah ta ɗaura ɗankwali ta bi bayansa.

Ta shiga cikin gonar ta tsaya daidai inda garmar za ta sauka, dole ya ɗago. Ya rame, gumi ya jiƙe masa riga. A wannan karon bai kau da kai ba, hannuwanta yake kallo. Ta ɗaga su. An koya mata cewa mai fassara ba ya ƙari ba ya ragi, kuma ko ba a koya mata ba, ba za ta yi wa mahaifinta ƙarya yana tsaye ba. Ta faɗa masa duka, Baba ya ce ka tafi, kada ka dawo, babu aure. Hawaye na zuba, ba ta da hannun da za ta share.

Japhet ya kafa garmar a ƙasa. Muryarsa ta tashi har sai da masu aiki a gonar maƙwabta suka miƙe.

"Na gani. Amma ba daga hannunki na karɓi alkawarin nan ba, daga bakin Baba ne. Ya zo ya tsaya gabana ya faɗa. Zan duba bakinsa, zan gane, kuma zan tafi."

Baba Philemon ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Ya tattare riga ya taka cikin laka har gaban yaron. Sai a nan ya tuna cewa tun da Japhet ya dawo daga daji bai taɓa dubansa ido da ido ba, kullum ta gefe yake magana, da uwarsa ko da wani. Yanzu ga tabon ƙuna daga bayan kunne har wuya, ga idanun yaron sun kafe a kan leɓɓansa suna jiran hukunci, ba fushi a cikinsu, ba roƙo. Tsohon ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Abin da ya yi kwana da kwanaki yana ihunsa daga bakin gona ya ƙi fitowa. Ya sunkuyar da kai, ya dubi huɗar da yaron ya yi.

"Hwaɗa mishi huɗar ga ta karkace," ya ce da Leah. "In aikin ƙwarai zai yi, gobe shi taho da sassahe."

Ya juya ya nufi gida bai waiwayo ba. Leah ta fassara, amma kuka ya hana hannuwanta daidaita, sai da ta maimaita kafin Japhet ya gane.

Kada mai karatu ya zaci daga nan komai ya zama zuma. Baba Philemon bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, kuma sai da ya sa yaron ya kai daminar har yankan dawa. Mama Japhet ba ta amsa gaisuwar Leah ba har aka zo biki. Kunnen da aka yi wa azumi bai buɗe ba, likitoci sun ce ba zai buɗe ba. Abin da haƙurin yaran nan ya samo musu shi ne aure da albarkar iyaye, ba tare da sun tsallake kowa ba, kuma sun biya shi da tsada. Iyaye su sani, alkawarin da aka yi wa mutum yana da lafiya ba ya mutuwa don lafiyar ta tafi, kuma wanda za ka yanke wa hukunci, ka fara duban fuskarsa tukuna.

Bayan kaka aka yi bikin. Da fasto ya zo wajen alkawari, ya karanta tambayar ango, sai coci ya yi tsit, don babu wanda ya tuna cewa duk cikin taron mutum ɗaya ce za ta iya isar da ita. Leah ta juya ta miƙa wa Nkiruka furannin da ke hannunta. Ta fuskanci Japhet, ta tambaye shi da yatsunta ko ya yarda ya zauna da ita cikin lafiya da rashin lafiya har mutuwa ta raba su. Ya ce ya yarda, da ƙarfin da har na bakin ƙofa suka ji.