Katin da Yaya Dosu Ya Ba Ta

Senami ta rufe shagon kitsonta da wuri, ta bar 'yarta a gida, ta hau zem, wato acaɓa, zuwa gidan wasan kwamfuta da ke bayan kasuwar Akpakpa. Yayanta Dosu ne ya kira ta. Shi ya goye ta tana ƙarama, shi ya saya mata tsinken kitsonta na farko. In ya ce zo, ba ta tambayar dalili.

Tun farkon damina yake koya mata wasan harbi, wai ƙungiyarsu na neman mace. Ya manna mata wani tsohon kati, rubutun hannu, a ƙasan allo: Z gaba, S baya, Q hagu, D dama, R ɗura harsashi, C durƙusawa.

"Hannun hagu ke tafiya, na dama ke harbi," ya ce mata. "Ranar da kika daina leƙen katin nan, kin gama."

"To kai gwani, me ya hana ka bugawa? Ko baki ne kawai?"

Dariya ya yi, hannun hagunsa na cikin aljihu, inda ya daɗe yana ɓoye shi. Sanyin ƙashi ne, in ji shi.

Abu ɗaya ta lura da shi: duk maɓallin da yatsunta suka haddace, sai tawadarsa ta dushe daga katin. Ta ɗauka gumi ne, baiwar Allah. Yau saura C kaɗai.

Ta tarar da ɗakin ba kowa. Ƙarnin ruwan tafki da ƙamshin soyayyen kifi na shigowa ta taga. Dosu ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa. Ta zauna, ta sa abin ji a kunne, ta fara.

Rana na faɗuwa aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya. Duk kwamfutocin suka mutu.

Ban da tata.

Ta so ɗaga hannunta na hagu, ya ƙi. Yatsun sai bugu suke, ƙas, ƙas, ƙas, ba da izininta ba. Wari ya taso, irin na gashin da aka babbake.

A cikin kunnenta wani ke numfashi.

Sojan da take korawa a allo ya tsaya cak. A hankali ya juyo ya dube ta. Hannun rigarsa na hagu na reto, ba komai a ciki.

"Saura ɗaya," aka raɗa mata.

"Yaya Dosu," ta ce, "zo ka cire ni."

Bai motsa ba.

"Ki danna, Senami. Don Allah ki danna, sojan nan ya sake ni. Ya ce sai na kawo masa wanda ya yarda da ni."

"Ni, Yaya?"

"Wa nake da shi in ba ke ba?"

Maganar ta fi tsoron ciwo. Manuniyarta ta soma gangarowa kan C. Harafin na dushewa.

Sojan ya miƙo dungulmin hannunsa. Sanyi ya kama mata wuyan hannu.

Da hannun dama ta zaro tsinken kitso daga gashinta, ta caka wa bayan na hagun. Yatsun suka saki. Ta bangaje Dosu, ta fita a guje ba takalmi, ba ta tsaya ba sai a gindin wata mai toya aloko, soyayyar ayaba.

Raunin ya warke, amma yatsu uku ba su dawo nata ba. Ko tana barci bugu suke a kan katifa, gaba, hagu, dama. Ba sa riƙe gashi. Shagon ya rufu.

Katin kuwa a jakarta ta tsince shi, rubutunsa ya dawo ɓaro-ɓaro. Ta ƙone shi, ta jefa tokar a tafki, da safe ga shi a ƙarƙashin matashinta.

Dosu ya zo sau ɗaya, hannuwansa biyu a waje, lafiya lau. Ya kasa kallon idonta.

"Ki ba wani kawai," ya ce. "Ni ma haka aka yi mini."

Ta rufe masa ƙofa. Daga bayanta, 'yarta da ke zaune a tabarma ta ɗago katin da murna.

"Mama, wannan na wasa ne? Ki koya mini mana."