Yatsu Biyar a Kafaɗar Samar

Daga ƙarƙashin tebur Samar ta fara ganin Rilwanu, kuma takalmansa ta fara gani.

Uwar ɗakinta, 'yar tsibiran Karebiyan da take yi wa aikin gida a Mohandessin, ita ta matsa mata ta zo kallon bikin ƙasarsu a wani lambu da suka kama. Ba wanda ya tuna cewa yarinyar da ta gudo daga yaƙin Khartoum ba ta bambance kiɗa da harbi. Ana soma dukan gangunan ƙarfe ta faɗa ƙarƙashin teburin abinci, ta toshe kunnuwa.

Sai ga waɗansu halittu shuɗaye tun daga kai har ƙafa, da ƙahoni, suna jan sarƙa suna ihu. Ɗaya ya duƙo ya miƙo mata hannu. Numfashinta ya ɗauke.

Rilwanu ɗalibi ne daga Zariya, shi ma gayyato shi aka yi, shi ma jikinsa ɓari yake. Duk da haka ya cafke hannun dodon yana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, har karatun ya kakare masa a tsakiya. Dodon ya ƙarasa masa ayar, da tajwidi mai kyau. Ashe Hadi ne, abokin karatunsa ɗan Tirinidad, ya sha fenti.

Rilwanu ya dafa kafaɗarta ya fito da ita. Ta koma Faisal ba ta san me take ɗauke da shi ba, sai da mahaifinta, Malam Abakar, ya ga yatsu biyar shuɗaye a farin mayafinta, na namiji. Bai ɗaga murya ba. Washegari ya yanko mata tikitin komawa Sudan wurin gwaggonta.

Ta karɓi lambar Rilwanu a wurin uwar ɗakinta, ta rubuta masa: "Hannunka zai mayar da ni inda na gudo. Ranar Asabar motar za ta tashi. Ina jin tsoro."

Ya amsa: "Ma'alish, Hasken Idona. Ni ma ina tsoron Baba. Gobe bayan la'asar ina tafe."

Ya zo. Tana bayan labule tana jin yadda kofin shayi ke kaɗawa a hannunsa. Ya ba da labarin duka, har wurin da ayar ta kuɓuce masa, abin da mai wayo zai ɓoye.

"Kai da gaske ka ɗauka aljani ne?" in ji Malam Abakar.

"Wallahi na ɗauka, Baba."

"Ka kuma kama shi?"

"Na so in gudu. Na ga ita ba ta da wurin gudu."

Tsohon ya daɗe shiru. Ya ga jarumai da yawa a Khartoum, kuma ya ga bayansu ranar da aka buƙace su. Ya ce khalas, yaro ya turo manyansa, ya kuma je ya gyara haddarsa.

Asabar motar ta tashi da kujera ɗaya babu kowa. Bayan wata biyu aka ɗaura aure a wani ƙaramin masallaci a Abbasiya.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya bar su su tsufa tare. Ba kowa ake yi wa wannan alfarmar ba.