Tallafin Marigayiya Rahmatu

Khairunnisa na zaune a tsakar gidansu da ke cikin birnin Daura, fensir a hannu, tana zana Innarta da ke tankaɗe. Sai aka yi sallama daga zaure. Zakiyyu ne, saurayin da iyaye suka riga suka san da maganarsu.

Ko gaisuwa ba su gama ba ta ce, "Albishirinka! Na shiga gasar sikolashif ɗin nan ta masu zane. Duk wanda ya ci, za a biya masa karatun kwaleji har ya gama. Tallafin Marigayiya Rahmatu ake ce masa. Ni fa tun jiya nake tunani, wace ce wannan Rahmatun?"

Fara'ar Zakiyyu ta ɗauke.

"Yayata ce," ya ce a hankali. "Tana karatun zane ta rasu a haɗarin mota. Hajiyarmu ce ta ware gonarta ta Zango, da amfaninta ake biyan tallafin. A gidanmu ba a ambatar sunanta, don kada Hajiya ta yi kuka."

"Innalillahi! Kuma ba ka taɓa gaya mini ba? Me take zanawa?"

"Don Allah bar maganar nan, Khairi."

Ba a jima ba labari ya kai kunnen Hajiya Talatu, mahaifiyar Zakiyyu. Ƙanwarta Ma'u ce ta kai shi, har da ƙari.

"Yaya, ki buɗe idonki! Yarinyar nan ba ɗanki take so ba, tallafin take hange. In ta ci, duk Daura za a ce na gida kuka ba."

Ran Hajiya ya ɓaci. Ta kira Zakiyyu ta ce, "Ba za a yi ciniki da sunan 'yata ba. Ka faɗa mata ta zaɓa — ko tallafin, ko kai!"

Da saƙon ya iso, Khairunnisa ta ci kuka har idanunta suka kumbura. Mahaifinta, Malam Isyaku, ɗinki yake yi a bakin kasuwa, ba shi da halin kai ta kwaleji, kuma zane shi ne burinta tun tana ƙarama. Ya dube ta ya ce, "Uwar da ta binne 'ya ba a ja da ita, Khairunnisa. Ki yi haƙuri, ki nemi zaɓin Allah."

Ranar Juma'a Hajiya ta aiko a kira ta. Ta tafi tare da gwaggonta, ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Me kika yanke?" in ji Hajiya, fuska ba walwala.

"Na janye daga gasar, Hajiya. Wallahi ban san yayarsa ce ba lokacin da na shiga. Ba na so a taɓa sunanta saboda ni." Sannan ta ƙara da cewa, "Sai dai ina da tambaya, in ba za ta ɓata miki rai ba. Me Yaya Rahmatu take zanawa?"

Gwaggo ta mintsine ta. Ma'u ta zaro ido ta ce, "Ke! Wane irin rashin kunya ne wannan?"

Hajiya ta ɗaga mata hannu. Ta dubi yarinyar, sannan ta miƙe ta ce, "Taso."

Ta buɗe wani ɗaki da ke ƙuryar gidan. Zane-zane ne jingine da bango: kasuwar shanu ta Mai'adua, mata a bakin rijiya, masu sussukar gero. Khairunnisa ta manta da kunya, ta matsa kusa tana bin su ɗaya bayan ɗaya.

"Hajiya, me ya sa kowa ya juya baya? Ko fuska ɗaya babu!"

Dariya ta kuɓuce wa Hajiya, hawaye na bin kumatunta.

"Alhaji, mahaifinta, shi ne ya hana ta zana fuskar mutane. Ba ta yi masa musu ba, sai ta koma zana su ta baya. Kuma kowa sai ka gane shi! Dubi wannan mai mayafin da ya zame, wa kika gani?"

"Ke ce, Hajiya! Haka kike karkata kafaɗa."

Suka zauna a ɗakin nan har aka kira la'asar. Khairunnisa na tambaya, Hajiya na ba ta labari: yadda Rahmatu ke ɓata bango da gawayi tana yarinya, yadda take jiƙa jar ƙasa in fenti ya ƙare mata. Shekara da shekaru kowa na kauce wa sunan, yau ga wadda ke son ji.

Da aka yi gasar, wata yarinya daga Sandamu ce ta ci. Khairunnisa ta je taron, ta taya ta murna, ta dawo gida ta yi kukanta a ɗaki, ba ta gaya wa kowa ba.

Bayan Sallah aka ɗaura aurenta da Zakiyyu. Ranar da aka kai ta gaishe da surukarta, Hajiya ta kama hannunta a gaban dangi, har da Ma'u.

"Na zarge ki da kwaɗayi, ki yafe mini. Tallafin Rahmatu na 'ya'yan mutane ne, haka zai ci gaba. Ke kuwa 'yata ce. Ki shirya, bana za ki fara kwaleji, ni zan kai ki da kaina."

Khairunnisa ta kifa kanta a cinyar Hajiya tana kuka, Zakiyyu na daga bakin ƙofa yana share nasa idon.

'Yan'uwana 'yan mata, da Khairunnisa ta ja da Hajiya, da ta rasa mijin, ta rasa karatun. Ta haƙura da abin da take so don ta kare mutuncin wata, Allah kuwa ya ba ta duka biyun, ya ƙara mata da uwa.