Ƙyallayen Mararrabar Tagadirt

Da hantsi aka gane wani ya karkatar da hanyar 'yan tsere a saman ƙauyen Tagadirt. Ƙyallaye ja da rawaya da aka ɗaɗɗaura a jikin ƙayoyi don nuna hanya, an kwance su daga mararraba an mayar da su kan turbar awaki, wadda ruwan bara ya cinye rabinta. 'Yan tsere da dama suka bi ta. Yawancinsu sun juyo suna zage-zage. Ɗaya kuwa, wata malamar asibiti daga Marrakesh, sai a bayan alfadari aka sauko da ita, ƙafa a karye.

Ana tsakiyar hayaniyar Hammu Ait Bella ya shigo harabar masallacin ƙauyen, inda aka kafa zangon 'yan tsere, yana jan ƙafafu kamar na aro. Jandarma ne, wato ɗan sandan karkara, a garin Asni, shekarunsa sun doshi hamsin. Da daɗewa likita ya dubi tumbinsa ya ce ya riƙa ɗan zagayawa da yamma. Mai hankali a zagayen zai tsaya. Shi kuwa Hammu sai da ya sa sunansa a tseren mil ɗari na kan duwatsu, karo na farko a rayuwarsa, ya kuma gaya wa kowa, har da waɗanda ke tsare a ofishinsu. Tun jiya da safe yake tafe. Ya ci wajen mil saba'in, su ma sun ci shi. Farcen babban yatsansa ya yi sallama, cikinsa ya daina karɓar komai sai ruwa.

Dattawan ƙauyen sun ba da aron harabar ne zuwa kiran azahar kawai, shi ya sa dokar tseren ta ce duk wanda ladan ya kira salla yana ciki, nasa tseren ya ƙare. Hammu ya san dokar. Tun daga saman dutse yake tunaninta kamar yadda mai azumi ke tunanin magariba. In ya kwanta don kansa, abokan aikinsa ba za su bar shi ya sha ruwa ba har ya yi ritaya. In kuwa wani dalili mai mutunci ne ya riƙe shi har aka kira salla, babu mai cewa ya gaza.

Dalilin ya zo masa da ƙafarsa, riƙe da rediyon oba-oba.

"Kai ne jandarman nan? Alhamdu lillahi!" in ji Tawfik, ɗan Kasablanka da ya shirya tseren. "Kama mini wannan mutumin."

"Yau ni lamba ce, ba jandarma ba," in ji Hammu, yana nuna takardar ƙirjinsa. Amma ya riga ya zube a kan tabarma, kuma daɗin zaman har cikin haƙoransa ya ji shi.

Wanda ake nunawa Idar ne, mai alfadari, wanda aka ɗauka aikin ɗaura ƙyallayen. Yana tsugune a jikin bango, hularsa a hannu.

"Shi ya san inda kowane ƙyalle yake," in ji Tawfik. "Shekaranjiya kuma mun yi cacar baki, don na ce alfadarinsa ya cika nawa. Ga shaida, na karyo daga turbar awakin." Ya jefa wani reshen ƙaya a kan tabarma, da ƙyalle ja a jiki. "Na kira ofishinku, mota na tafe."

Hammu ya dubi Idar. Ko da an sake shi gobe, mai alfadarin da aka taɓa cewa ya ɓatar da baƙi a kan dutse ya gama samun aiki a wannan kwarin.

"Ina kake da asuba, Idar?"

"A zangon gaba, Si Hammu, na kai musu ruwa. Har shayi suka ba ni, babu sukari, Allah ya yafe musu."

Hammu ya sa Tawfik ya kira zangon a rediyo. Suka ce ƙwarai, tun kafin asuba yana wurinsu, sai da rana ta fito ya taso.

"Yana iya sa wani ya yi masa," in ji Tawfik.

Hammu ya miƙa wa Idar wani ƙyalle da reshen. "Ɗaura."

Idar ya nannaɗe, ya ƙulle, ya sa haƙori ya ja, irin ƙullin da ko alfadari ya faɗa rami kaya ba za su rabu da shi ba. Hammu ya duba ƙullin biyu kusa da kusa. Na turbar awaki daban ne. An zagaye 'yan rassa biyu da ƙyallen, an zaro bakunansa ta tsakiya, tsawonsu daidai wa daida. Ya san ya taɓa ganin irinsa, amma ƙwaƙwalwarsa ta tsaya hutawa tun a mil na sittin.

Ya rarrafa zuwa inuwar da aka kwantar da malamar asibitin. Sunanta Wafa. An ɗaure mata ƙafar da katako biyu.

"Kai ma ɗan tsere ne?" ta tambaya. "Wallahi ka fi ni kama da wanda ya faɗo."

"Na gode, Lalla," in ji Hammu, yadda ake kiran mace da girmamawa a can. "Me kika lura da shi a mararrabar?"

"Barci nake yi a tsaye. Don kada in kife sai na riƙa kiran launin ƙyallayen da baki. Tun jiya a hargitse suke, ja, ja, ja, rawaya, ja, duk wanda hannu ya ci karo da shi. Daga mararrabar nan sai suka koma ja biyu rawaya ɗaya, ja biyu rawaya ɗaya, kamar waƙa. Har na ce yau dai an sami mai tsari. Ina cikin yabonsa ƙasa ta ƙare."

Hammu ya dubi inuwar bango. Ta gajarta, amma da saura. Ya miƙe a hankali, gwiwa ɗaya bayan ɗaya, ya nufi bakin ƙauye, inda Bujama ke da rumfar ruwan lemo. Bai yi sauri ba. Ya gaya wa kansa bincike ba ya son gaggawa.

"Bujama, an ce ko kogi kana iya karkatarwa in ka san zai biyo ta gaban rumfarka."

"Kogi zan iya, Si Hammu," in ji Bujama, yana matse lemo. "Amma 'yan tsere ai ta gabana suke bi tun farko. Wanda ya yi aikin nan ni ya kashe wa kasuwa. Turbar awaki wa zan sayar wa lemo a can? Bunsuru?"

"Yaushe suka daina zuwa?"

"Na rufe na tafi sallar asuba suna wucewa. Na dawo na zauna, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Kafin nan kuwa tun jiya suke dirowa ta kan katangar can, su fito daidai nan."

"Ta kan katanga? Hanya ba zagaye ta ta yi ba?"

"Zagayewa ta yi. Idar ya ɗaura ƙyallensa daidai, ta waje. Amma ka taɓa ganin gajiyayye ya zagaya?"

Hammu ya juya. Gajeriyar katanga ce ta duwatsu, iya gwiwa. A cikinta fili ne mai 'yan duwatsu a tsattsaye, babu rubutu, babu fenti. Baƙo zai ɗauka gonar da aka yi watsi da ita ce. Hammu ba baƙo ba ne, kakanninsa a irin wannan filin suke kwance. Kuma ɗazu-ɗazun nan, bayan an mayar da ƙyallayen wurinsu, shi ma ta ciki ya ratso, kansa a ƙasa, yana bin sawun na gaba. Ya dubi takalmansa, ya kau da kai.

"Wa aka binne kwanan nan?"

"Dada Lahsan. Ko arba'in ba a yi ba. Ga gidansa can, tagarsa na kallon maƙabartar. Matarsa ce kaɗai a ciki."

Hammu ya yi sallama a bakin ƙofar ya tsaya daga waje, tunda matar tana takaba. Lalla Ijja na zaune gaban masaƙarta cikin fararen kaya, tana saƙa darduma. Ba ta daina ba. Yatsunta su zagaye zare biyu na tsaye da ulu, su zaro bakunan ta tsakiya, su daidaita, su wuce. Bayan hannuwanta duk kartar ƙaya ce, sabuwa.

"Allah ya jiƙan Dada Lahsan, Lalla Ijja."

"Amin." Ta dube shi daga furfura zuwa gajeren wando. "Kai ma cikinsu kake? Babba da kai, cinya a waje."

"Cikinsu nake, Lalla."

"Ka taka shi?"

"Ban sani ba. Mai yiwuwa."

Ta ɗaura wani ƙullin. "Mutumin da bai taɓa sauri ba a rayuwarsa, yau shi ake gudu a kai. Tun jiya nake jin su. Da gari ya fara wayewa na leƙa, na ga an ture dutsen kansa. Wa zan gaya wa, ɗana? Ba na fita, ba na shiga maza. Sai na jira suka tafi masallaci. Allah ya ga fitata, shi zan ba haƙuri."

"Me ya sa turbar awaki?"

"Tana fita ta bayan gari, ba ta taɓa kowa. Ta nan nake ɗebo itace tun ina amarya."

"Ruwan bara ya cinye ta, Lalla."

Yatsun suka tsaya.

"Wata yarinya ta faɗa ta karye. Kuma mota na zuwa ta tafi da Idar."

"Idar? Wannan da ko mazagin wandonsa ƙullin jaki yake yi masa? Sai da na kusa rasa farce kafin na kwance aikinsa." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ka ce musu ni ce. Yarinyar kuma a kawo mini ita nan in roƙe ta gafara. Ba zan iya fita sau biyu ba."

Da Hammu ya dawo harabar, inuwar bango ta shige ƙarƙashin bangon. Ya tara Tawfik da dattawa, ya yi musu bayanin da bai taɓa yin mai tsawonsa ba tun da ya shiga aiki.

"An yi abin ne lokacin sallar asuba, Idar kuma yana zangon gaba. Bujama asara ya yi, ba riba ba. Ƙullin nan ba na mai kaya ba ne, na darduma ne, wanda hannu ya saba har ba ya neman izinin mai shi. Kuma masaƙiya ce kawai za ta tsaya cikin sanyi, a tsorace, tana sauri, amma ta kasa jera launi a hargitse. Matan garin nan duk suna saƙa. Ɗaya ce ke kallo ta taga ana tattaka mijinta."

Tawfik ya cire hularsa, ya sake sa ta, ya aika mutum ya tsaya a bakin katangar maƙabarta, sannan ya je ya kama hannun Idar. Wafa ta ce in an gama surutu a ɗauke ta a kai ta wurin tsohuwar, amma ba a bayan alfadari ba. Hammu ya ce a gaya wa 'yan motar shi zai rubuta rahoto, in ya rayu.

Ya miƙe ƙafa a kan tabarma, ya kwance igiyar takalmi ɗaya, ya lumshe ido. Ya yi aikinsa. Yanzu ladan zai yi nasa, a Asni kuma za a ce Hammu ya sadaukar da tserensa saboda gaskiya. Ya kasa kunne.

Shiru.

Aka taɓa masa kafaɗa. Idar ne, riƙe da sandunan tafiyarsa da gorarsa cike da ruwa.

"Tashi, Si Hammu."

"Ai lokaci ya yi, Idar. Ƙaddara ce."

"Ba a kira ba. Ladan ƙanin matata ne. Na ce masa akwai mutumin kirki da ya ɓata lokacinsa saboda ni, ya ɗan kyautata alwala."

Hammu ya waiga. Ga ladan tsugune a bakin famfo, hannun riga a naɗe, yana tsefe gemu da ruwa, yana kuma harararsa.

"Idar, wallahi ba sai ka..."

"Ko kashe ni za ka yi sai na rama alheri. Kawo ƙafar."

Ya durƙusa ya ɗaure masa takalmin, ya sa haƙori ya ja. Dattawa suka fara sa albarka. Bujama ya taho da kofin lemo yana ihu a buɗe wa jarumi hanya. Babu inda Hammu zai duba bai ga fuskar da ke alfahari da shi ba.

Ya miƙe. Ya ƙetare ƙofar harabar, sai ya ji an ɗaga murya a bayansa, Allahu akbar. A gabansa hanya ta miƙe sama, ta shige cikin dutse. Saura mil talatin, kuma duk faɗin dutsen babu sauran mai laifi ko ɗaya da zai cece shi.